An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Koyar Da Suna A Turanci

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwanmu, tsohon malamin makaranta, ya rubuta game da yadda ɗalibanmu ke tuntuɓe a kan suna a nahawun Turanci. Malam ya kawo magana uku. Ta farko, yaran yanzu ba sa haddace ma'anar suna da rabe-rabensa kamar yadda aka yi a da, shi ya sa ba su iya ba. Ta biyu, malamai ne suka ɓata lamarin da suke yi wa yara bayani da Hausa, don haka a hana Hausa a aji baki ɗaya, a hukunta duk yaron da aka ji yana yin ta. Ta uku, babu abin da nahawun Hausa zai ƙara wa mai koyon Turanci sai ruɗani.

Damuwar da ta sa Malam ya ɗauki alƙalami ta gaskiya ce, kuma ina tare da shi a cikinta. Yaron da bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi ko da ya ci sauran darussa da kyau. Muna ganin irin waɗannan yara a unguwanninmu, suna maimaita jarrabawa shekara bayan shekara, iyayensu na biyan kuɗi da gumin goshi. Sai dai maganin da Malam ya rubuta na wani ciwon ne daban, kuma idan aka bi shi zai ƙara wa yaran nan wahala. Da girmamawa nake faɗin haka, zan kuma kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da hadda. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya san abin da ake yi a ciki. Malami zai tambaya mene ne noun, yara su amsa baki ɗaya cikin waƙa-waƙa cewa sunan mutum ne, ko dabba, ko wuri, ko abu. Har na bencin baya ya haddace. Saboda haka ba a daina hadda ba, ita ce ma abin da ya fi komai tsayawa da ƙafarsa a makarantunmu. Amma rubuta wa yaran nan wannan jimla a allo: His absence caused a delay. Ka ce su ja layi a ƙarƙashin sunayen da ke ciki. Ajin zai yi tsit. Babu mutum a jimlar, babu dabba, babu wuri, kuma absence da delay ba abubuwa ba ne da yaro zai iya nunawa da yatsa. Sai malami ya ce ai su ma abu ne. To, idan rashin zuwa abu ne, jinkiri ma abu ne, me zai hana yaro ya ce caused abu ne, tunda haddasawa ma wani abu ne da ya faru? Ma'anar da sai ka riga ka san amsa kafin ta yi maka aiki ba ta koya wa ɗalibi komai ba.

Ga kuma wata matsalar. A Turanci kalma ɗaya kan sauya aiki ba tare da ta sauya kama ba. Water suna ne a cikin the water is cold, amma aikatau ne a cikin they water the garden. Haka book, haka love, haka work, da tarin irinsu. Yaron da aka ɗora wa jerin sunaye ya haddace zai ja layi ƙarƙashin water duk inda ya gan ta, kuma zai sha faɗuwa ba tare da ya san laifinsa ba.

Wannan ma'ana da Malam yake so a riƙe gado ce daga nahawun Girkanci da Latin. Ta yaɗu a makarantun Ingila ta hanyar littattafai irin na Lindley Murray da ya fito a 1795, daga baya ta biyo Turawan mulki ta iso gare mu. Masu harshen da kansu sun daɗe da ganin gazawarta. A 1952 wani masanin harshe ɗan Amurka, Charles Fries, ya fitar da littafi inda ya rarraba kalmomin Turanci ta gurbin da kowace ke zama a jimla, bayan ya yi nazarin hirarrakin mutane na yau da kullum da aka naɗa. A 1958 kuma Jean Berko ta gwada yara ƙanana a Amurka. Ta nuna musu zanen wata halitta ta ce sunanta wug, kalmar da babu ita a Turanci, sannan ta nuna musu guda biyu ta ce su ƙarasa maganar. Yaran suka ce wugs. Babu wanda ya haddace musu ma'anar noun, amma sun san yadda suna ke tafiya a harshensu. Wannan sanin ne yaranmu suke buƙata.

Ba ma sai mun je Amurka neman hujja ba, Malam. Tana nan a zaurukanmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ajurrumiyya, littafin nahawun nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, ya san yadda ya gabatar da ismu, wato suna. Alamomi ya lissafa: karɓar kasra, da tanwini, da alif da lam, da shigar haruffan jarri a gabansa. Ɗalibi na ganin ɗaya daga cikin waɗannan ya san ismu ne, ko da bai taɓa jin kalmar ba. Shekaru aru-aru malamanmu na koyarwa a haka. Turanci ma yana da nasa alamomin, kuma ba su da yawa. Suna kan karɓi the ko a ko my a gabansa. Mafi yawansa kan yi jam'i. Yana ɗaukar alamar mallaka. Yana zuwa bayan in da of da with da 'yan'uwansu. Yana iya zama a gurbin mai aikatawa ko wanda aikin ya faɗa wa. Sau da yawa kuma wutsiyarsa kan tona shi, kamar -ness da -tion da -ment da -ity. Ka ba yaro waɗannan, ka mayar da shi kan jimlar ɗazu. Zai ga his a gaban absence, ya ga a a gaban delay, ya ja layinsa hankali kwance.

Jarrabawar da muke tsoro ma abin da take nema ke nan. A ɓangaren fahimtar karatu na WAEC akan ciro wani yanki daga cikin labari a tambayi ɗalibi sunansa a nahawu da aikin da yake yi a jimlar. Sau tari amsar ita ce yankin suna ne ko gaɓar suna, kuma yana aiki a matsayin mai aikatawa ko karɓau. Waƙar mutum da dabba da wuri ba za ta kai yaro ga wannan amsa ba. A ɓangaren insha'i kuwa an ware maki na musamman don tsabtar rubutu, kowane kuskure ana zabge wani abu daga ciki. Mai duba takarda ba ruwansa da ko yaro ya san rabe-raben suna nawa ne. Abin da ya rubuta yake dubawa.

Wannan ya kawo mu ga magana ta biyu, wadda ta fi damuna. Malam ya ce Hausa ce ke ɓata yara. A nan akwai ƙanshin gaskiya, amma an juya ta baibai. Mu buɗe littafin aikin ɗalibi ɗan aji biyar mu duba. Ga irin layukan da kowane malamin Turanci a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya saba gani da jan biro a hannu: I need your advices. My father bought two car and many furnitures. My trouser is new. He gave me book. Waɗannan kurakurai ba na ganganci ba ne, ba kuma na daƙiƙanci ba. Kowane ɗaya yana da tushe, kuma mai jin Hausa yana iya nuna tushen da yatsa.

Ɗauki advices. A Hausa shawara tana da jam'i, shawarwari. Labari yana da labarai, kaya yana da kayayyaki, aiki yana da ayyuka. Yaro ya ɗauko wannan tsari mai kyau na harshensa ya kai Turanci, sai ya rubuta advices da informations da furnitures da luggages da homeworks, alhali Turanci bai yarda a ƙirga waɗannan ba, sai dai a ce a piece of advice ko some information. Babu wani hankali da zai gaya wa mutum cewa shawara ba ta ƙirguwa, al'adar harshen ce kawai. Mukan ce kuɗi sun ƙare, Bature ya ce the money is finished. Wando guda ɗaya ne a wurinmu, haka almakashi, haka tabarau, amma trousers da scissors da glasses jam'i ne a can. News tana da s a ƙarshe amma tilo ce, police da cattle ba su da shi amma jam'i ne. Idan malami bai ajiye harsunan biyu gefe da gefe ya ce wa yaro ga inda suka rabu ba, yaron zai yi ta maimaita kuskuren har ya gama makaranta, domin a kunnensa daidai yake.

Two car kuma fa? Bahaushe yakan ce mota biyu, buhu goma, shekara biyar, naira ɗari. Adadin ya wadatar, ba dole sai suna ya koma jam'i ba. Turanci kuwa sai ya nuna jam'in sau biyu, a adadi da kuma a jikin sunan. Akwai kuma batun furuci. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, shi ya sa muka mayar da bench benci, muka mayar da bread burodi. Tarin baƙaƙen da ke ƙarshen desks ko tests yana yi wa harshen yaro nauyi, sai ya yar da s ɗin a baki, abin da kuma bai furta ba da wuya ya rubuta shi. Malamin da ya san wannan zai haɗa darasin jam'i da horon baki da kunne.

He gave me book ya fito ne daga ya ba ni littafi, jimlar da ta cika a Hausa ba ta neman ƙari. A Turanci suna mai ƙirguwa, in tilo ne, ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an sa masa a ko the ko my ko makamancinsu. Wannan ƙa'ida ɗaya tak, in yaro ya riƙe ta, za ta share masa kurakurai masu yawa. Bambancin a da the kuwa, wanda malamai ke shan wahalar bayyanawa da Turanci zalla, Hausa tana da gada zuwa gare shi. Rubuta a allo: wani mutum ya zo, mutumin ya zauna. Rubuta a ƙarƙashinsa: a man came, the man sat down. Ka nuna musu yadda wani ya gabatar da baƙo, yadda kuma -n na mutumin ya nuna an riga an san shi. Dacewar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, amma ta isa ta buɗe wa yaro ido cikin 'yan mintoci, daga nan a ci gaba da Turanci.

Haka mallaka take. Mukan fara da abin, mu bi da mai shi: littafin Audu, ƙofar makaranta. Turanci yakan fara da mai shi: Audu's book, school gate. Haka jinsi. Kowane suna tilo a Hausa ko shi ne ko ita ce, babu na uku, don haka yaro kan kira mota she ya kira gida he, domin it baƙo ne a gare shi. A gefe guda kuma wannan jinsin riba ce, shi ya sa ba kasafai Bahaushe ke rikita he da she a kan mutane ba, abin da ke ba masu wasu harsunan wahala.

Abin lura shi ne, ko an hana Hausa a aji ko ba a hana ba, tana nan a kan yaro, da ita yake tunani lokacin da yake rubutu. Dokar hani ba ta fitar da ita daga ƙwaƙwalwarsa, malami kawai take hanawa ya taɓa inda ciwon yake. Mun kuma san yadda dokar ke ƙarewa a aikace. Monita na riƙe da takarda yana rubuta sunayen waɗanda suka yi Hausa, a ci su tara ko a zane su. Yaron da bai da Turancin da zai yi tambaya da shi sai ya kama bakinsa. Ajin ya yi shiru, shugaban makaranta ya wuce ya ji daɗi, alhali abin da yaro bai gane ba yana nan yadda yake. Banda wannan, an koya masa cewa harshen da uwarsa ke yi masa magana da shi laifi ne. Ban ga ribar da ta kai wannan asara ba.

An ma gwada abin a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara wani gwaji na firamare, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi guda da ƙwararren malami ke koyarwa. Aka kwatanta su da waɗanda aka juya wa karatu zuwa Turanci bayan shekara uku. Yaran rukunin farko ba su koma baya a Turanci ba, sun kuma yi fice a wasu darussan. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ita ma ta tanadi a fara karatun firamare da harshen uwa ko harshen yankin. A zaure kuwa, da wane harshe malami ke fassara wa ɗalibi nahawun Larabci kalma bayan kalma? Da Hausa ko Fulatanci. Wannan tsari na karatu shi ya fitar da irin su Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya kai ga rubuta littattafan nahawu da sarfu da Larabci. Harshen gida bai hana su ƙwarewa ba.

Ƙamus ɗin da ke kan teburin malamai da yawa ma shaida ne. A. S. Hornby ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, a can aka fara buga ƙamus ɗinsa a 1942, wanda daga baya ya zama ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci. A cikinsa aka sa wa sunaye alamar C ko U, don a nuna mai ƙirguwa da marar ƙirguwa. Ɗan Ingila ba ya buƙatar wannan alama, ya sha ta a nono. Hornby ya san inda baƙon harshe ke tuntuɓe ne saboda ya zauna da ɗalibansa ya lura da su. Ɗalibanmu nawa aka taɓa nuna wa amfanin waɗannan haruffa biyu?

Magana ta uku, cewa nahawun Hausa ba shi da abin bayarwa, ita ce ta fi rauni. Harshen da Bargery ya yi wa ƙamus a 1934, Farfesa M. K. M. Galadanci ya rubuta littafin nahawunsa a 1976, Paul Newman ya fitar da babban kundin nahawunsa a 2000, ba a ce masa fanko. A fagen suna ma ya fi Turanci sarƙaƙiya. Yaro ɗan shekara bakwai yana cewa gida gidaje, jirgi jirage, sarki sarakuna, doki dawaki, akuya awaki, taga tagogi, ba ya tsayawa tunani. Turanci kuwa kusan duk jam'insa s ne ko es. Waɗanda ke sauya wasali irin su man da foot da tooth da mouse ba su kai goma ba, sai child da ox, sai irin su sheep da ba sa sauyawa, sai kuma 'yan aro daga Latin da Girkanci kamar criteria da phenomena. A gaya wa yaro wannan, ya san abin da ke gabansa ya fi wanda ya riga ya iya sauƙi. A nuna masa yadda aboki ya haifi abota kamar yadda friend ya haifi friendship, yadda noma ya haifi manomi kamar yadda farm ya haifi farmer. Yaron da ya ji cewa ya zo makaranta da wani abu a hannunsa ya fi ƙarfin zuciyar neman ƙari.

Akwai inda Malam yake da gaskiya, kuma wajibi ne a faɗa. Malamin da zai cinye minti arba'in na darasin Turanci yana zuba Hausa, yara su tashi ba su ji cikakkiyar jimlar Turanci ko ɗaya ba, ya ci amanarsu. Ba a koyon harshe sai da jin sa da furta shi da karanta shi. Gwajin Ife ma ya yi nasara ne da malamai masu horo da littattafan da aka tanada. Don haka mafi yawan lokacin darasi na Turanci ne: a karanta labari, a yi magana, a yi rubutu, a gyara. Hausa ta shigo a inda harsunan biyu suka saɓa, ta yi aikinta ta koma gefe. Wannan na buƙatar malamin da ya san nahawun harsunan biyu, kuma a nan ne ya kamata kwalejojin horar da malamai su mai da hankali, domin da yawa daga masu koyar da Turanci ba a taɓa zaunar da su an nuna musu wannan kwatanci ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. A koya wa yara alamomin suna tun daga farko. A riƙa ɗauko sunaye daga cikin labarin da suke karantawa maimakon jerin kalmomi tsirara. Kowane suna sabo a koye shi tare da abokan tafiyarsa, a ce an egg, some water, a pair of trousers. A manna a bangon aji jerin sunayen da Hausa ke ƙirgawa Turanci ba ya ƙirgawa. A koya wa kowane yaro duba C da U a ƙamus. A karɓe takardar tara daga hannun monita.

Ina kuma gayyatar Malam, tunda shi ma ya san aji, mu bar yara su raba mana gardama. A ɗauki aji biyu masu mataki ɗaya a makaranta ɗaya, na tsawon zango guda. Ɗaya a bi da shi ta hadda da hana Hausa, ɗayan a bi da shi ta alamomi da kwatanci. A ƙarshen zango kada a tambaye su ma'anar noun. A ba kowane yaro takarda ya rubuta wa kawunsa wasiƙa ta shafi ɗaya, a miƙa wa malamin da bai san daga wane aji takardun suka fito ba, ya ƙirga kurakuran suna. Hanyar da ta fi rage jan biro, ita ya kamata mu duka mu bi, domin makomar 'ya'yanmu ta fi ra'ayin kowannenmu muhimmanci.